Me ya haɗa haɗakar kamfanoni da kula da tsofaffi a binciken Camarinha-Matos?

Ɗalibar Kwamfuta:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman ƙarin haske kan aikin Farfesa Luis Camarinha-Matos na Jami'ar NOVA da ke Lisbon a ƙasar Fotugal. Wani ɓangare na bincikensa kan yadda ƙananan kamfanoni ke haɗa ƙarfi su ɗauki aiki ɗaya ne, wani ɓangaren kuma kan fasahar da ke taimaka wa tsofaffi su ci gaba da zama a gidajensu. Me ya haɗa kifi da kaska? Idan tsohuwa ta faɗi a banɗaki da tsakar dare, ta ina haɗakar kamfanoni ta shigo?

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam 'yata. Ai magana ɗaya ce. Ki fara da shirin ECOLEAD, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa daga 2004 zuwa 2008, inda shi da Farfesa Hamideh Afsarmanesh ta Jami'ar Amsterdam suka yi aiki sosai. Abin da aka lura da shi shi ne, idan sai kwangila ta fito sannan kamfanoni za su fara neman juna, kafin su san juna, su yarda da juna, su daidaita manhajojinsu, damar ta wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka aka raba abin hawa biyu. Hawa na farko ƙawance ne na dogon lokaci, a taƙaice suna ce masa VBE. Mu kira shi gandu. A nan ake rajistar kowane kamfani da abin da ya iya, da yawan aikin da zai iya ɗauka, da tarihin cika alkawarinsa, a kuma amince tun da wuri kan dokokin aiki, tsarin musayar bayanai da samfurin yarjejeniya. Hawa na biyu ƙungiyar wucin gadi ce da ake tsamowa daga gandun don aiki guda: dillali ya hango damar, a tsara aikin, a zaɓi abokan aiki, a yi ciniki, a sa hannu, a yi aikin, a watse.

To ki ɗora tsohuwar a kai. Tana buƙatar mai sa na'ura a gida, cibiyar amsa kira, mai kawo abinci, mai gashin ƙashi, kantin magani, motar asibiti, ga 'ya'yanta. A Fotugal yawancin hidimar gida ƙungiyoyin jin ƙai ne ke yin ta, irin su Misericórdia, ba kamfani ɗaya ba. Ƙasar kuwa, a ƙidayar 2021 kashi 23.4 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun haura. Babu mai iya ɗaukar wannan shi kaɗai. Kowane tsoho ƙungiyar wucin gadi ake haɗa masa, kuma tana sauyawa da sauyin lafiyarsa: yau abinci da tunin shan magani, bayan shanyewar ɓarin jiki a ƙara mai gashin ƙashi da mai kwana da shi. Wannan tunanin ne Camarinha-Matos ya biyo a shirye-shiryen binciken kula da tsofaffi, tun daga TeleCARE, 2001 zuwa 2004, har zuwa AAL4ALL da aka fara a Fotugal a 2011.

Mai Haɗa Na'ura:

Baba ya kawo tushen. Bari in ƙara da kayan da ke cikin gidan, don a nan ake gane dalilin gandun.

Gida mai ɗaki biyu yakan ɗauki na'urar jin motsi huɗu ko biyar (ɗakin kwana, falo, kicin, banɗaki, baranda), maganaɗisun ƙofa a ƙofar waje da ta firiji, shimfiɗar jin nauyi a ƙarƙashin katifa, maɓallin neman agaji na wuya ko na hannu, sai akwatin da ke tattara saƙonni ya aika wa cibiya. A Turai an ware wa maɓallan agaji zangon rediyo na 869.2 zuwa 869.25 MHz, sauran na'urorin sukan bi tsarin sadarwa mara waya irin su Zigbee ko Z-Wave.

Inda abin ke lalacewa: na'urar motsi zafin jiki mai motsi take gani, don haka wanda ya faɗi ya kwanta shiru da wanda ke barci duk ɗaya ne a wurinta. Dole a haɗa da ƙa'idar lokaci, misali an shiga banɗaki, minti 30 ba a ga motsi a baranda ba, katifa kuma babu kowa. Na'urar gane faɗuwa tana neman gangarowa da sauri, buguwa, sannan tsit. Wanda ya zame a hankali daga kujera ko ya bi bango ya sulale, sau da yawa ba ta kama shi. Maɓallin wuya kuwa ana cire shi lokacin wanka da lokacin kwanciya, daidai lokutan da aka fi faɗuwa, shi ya sa ake neman mai hana ruwa na matakin IP67 a kuma nanata wa mai gidan kada ya cire.

Mafi muni shi ne mutuwar shiru. Batir ya ƙare, ko an zare akwatin daga soket don a sa fanka, ko kamfanin waya ya rufe layin 3G, cibiya kuma tana ɗauka lafiya ce. Maganinsa akwatin ya riƙa aika saƙon "ina raye" a kai a kai, idan ya yi fashi cibiya ta buga waya, batirinsa na ajiya kuma ya riƙe aƙalla awa 24. Tsofaffin akwatuna masu aika sauti ta layin tarho suna rikicewa idan aka mayar da layin na intanet. Kamfani uku ke nan a matsala ɗaya: mai na'ura, mai layi, mai cibiya. In ba su zauna tun farko ba, kowa zai nuna ɗan'uwansa.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ƙanwata, ni a ganina na'ura ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Ƙararrawa ta buga, wa zai tashi? Wannan jerin sai an rubuta shi a yarjejeniya, da lokaci a gaban kowane mataki: cibiya ta yi magana da tsohuwar ta lasifikar akwatin, ba amsa, a kira maƙwabci ko ɗa mai riƙe da makulli, ba a same shi ba, a kira 112, lambar agajin gaggawa ta Turai. Makullin nan ba ƙaramin abu ba ne, motar asibiti na iya isowa ta tsaya a bakin ƙofar da ke kulle.

Sai ƙararrawar ƙarya. Idan 'yar tsohuwa ta tashi sau uku cikin mako ɗaya ta tarar kyanwa ce, na huɗu ba za ta yi sauri ba. Shi ya sa ake barin na'urorin su yi makonni suna koyon al'adar gidan kafin a tsananta ƙa'ida, a kuma faɗa wa cibiya idan an yi baƙi ko an yi tafiya.

Bayanan lafiya kuma, tun Mayun 2018 dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, GDPR, ta sa su cikin rukuni na musamman. Mai kawo abinci ya san ba a sa mata gishiri, amma ba shi da hurumin ganin takardar likita. Ranar da ya bar aikin a rufe masa shiga a ranar. Nan ne aka fi yin sakaci.

Ɗalibar Kwamfuta:

Na gode Anti, Allah ya ƙara sani. To duk binciken kan rashin lafiya ne?

Tsohon Injiniya:

A'a. Shirin BRAID, 2010 zuwa 2012, ya kasa rayuwar tsoho gida huɗu: zama da kai, lafiya da kulawa, sana'a, da nishaɗi. Shirin ePAL kuma, 2008 zuwa 2010, kan ƙwararrun da suka yi ritaya ne masu son ci gaba da aiki. Ɓangare uku ya gano: su ƙwararrun, masu buƙatarsu kamar ƙananan kamfanoni, da ƙungiyar da ke tsakani tana dillanci, irin SECOT a Sifaniya ko SES a Jamus. Cikas ɗin ba na kwamfuta ba ne kawai: akwai dokar fansho da haraji idan an biya su, da ƙorafin cewa suna tare wa matasa gurbi.

Tun a TeleCARE ma akwai bankin lokaci, mai kama da gayya: ka yi wa wani hidimar awa ɗaya, a rubuta maka awa ɗaya, ka karɓa daga wani daban ranar da kake buƙata. Idan za ki yi nazari, ki bi takardun taron masana kan haɗakar kamfanoni, PRO-VE, wanda ake yi kusan duk shekara tun 1999, ki fara da na shekarun ECOLEAD kafin ki shiga na tsofaffi.