Tsohuwar Hilux ɗin Baba: jan tirela da ɗaukar iyali

Salam jama'a. Hilux ɗin marigayi Baba ce a hannuna, ƙirar 1990 mai ƙofa huɗu, injin dizal lafiya lau, ina so in riƙa jan ƙaramar tirela da injin ban ruwa da buhunan masara zuwa ƙauye, ga madam da yara uku a ciki. Ba zan sayar da ita ba wallahi. Wanda ya taɓa yi, da me ya fara?

Malam fara da birki, inji ya jira. Ni na sauko Hawan Kibo daga Jos da tirela a baya, ina ta danna birki har ya yi zafi, sai kawai na ji feda ta tafi ƙasa kamar na taka soso, ga warin ƙuna, Allah ne ya kiyaye na samu na jefa ta giya biyu. Ashe man birkin ya shekara da shekaru ba a canza ba, kuma yana tsotsar ruwa, in ya yi zafi sai ya tafasa. Yanzu duk shekara 2 nake zubar da shi, na canza tiyo-tiyon roba da takalman birkin baya, gangara kuma da ƙaramar giya nake saukowa.

Ƙwarai kuwa. Kuma don Allah kar mai walda ya manna maka ƙugiyar a jikin bamba, a shasi ake ɗaure ta da manyan notuna, tawa bambar ta balle kafin Zariya. Sarƙa biyu a giciye ƙarƙashin wuyan tirelar, kaya masu nauyi gaban tayarta, kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin ya sauka kan ƙugiya, in ba haka ba sai ta fara kaɗa jela.

Ni uwa ce, maganata bel ɗin kujera. Kujerar bayanmu babu, sai da na dage Baban yara ya sa, da wanshoji (faya-fayan ƙarfe na notuna) a ƙarƙashi. Yara a bodi kuwa na hana, ko zuwa Idi ne.

Duba taya ɗan'uwa, lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefenta su ne lokacin ƙera ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Na sayi ta gwanjo zanenta raɗau, ta fashe da rana tsaka. A wanke lagireto ma.

Na gode, Allah ya saka. Na leƙa yanzu, tayoyin bayana 2014 ne. Asabar zan kai ta gareji.