Tsarabar Rasha: abin da masu zuwa suka ba da shawara

Da aka yi tambaya kan irin tsarabar da ta dace a sayo daga Rasha, waɗanda suka zauna a Mosko sun fi yin magana kan kasuwar Izmailovo da ke birnin, inda ake samun kayan hannu iri-iri, kuma ana ciniki. Shawararsu ita ce a je ranar Asabar ko Lahadi, a riƙe tsabar kuɗi.

An daɗe ana magana kan matiriyoshka, 'yar tsanar katako mai wasu a cikinta, wadda aka fara sassaƙawa a shekarun 1890. Wadda aka yi wa fenti da hannu, fuskokinta ba sa zama iri ɗaya sak, a duba ƙasanta ko mai zanen ya sa hannu. Cokula da akusan Khokhloma, wato salon fenti a kan katako, masu launin ja, baƙi da ruwan zinariya daga yankin Nizhni Nobgorod suke. Tangaran na ƙauyen Gzhel kuwa fari ne da shuɗi, sai dai saurin fashewa, a naɗe shi da kyau.

Ni dai mayafin ulu na garin Pablobski Posad ya fi burge ni, ga sauƙin ɗauka. Tsohon samoba na garin Tula, wato tukunyar shayi, a yi hattara: kayan tarihi sai da takardar izini ake fita da su daga ƙasar.