Shin Turanci dole ne a wannan zamani, ko mutum zai iya rayuwarsa ba tare da shi ba?

Baban Yara, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wata magana da ta hana mu daidaita a gida. Ɗan ƙanena ya kammala sakandare, ya ci lissafi da darussan kimiyya, amma bai samu kiredit a Turanci ba. Yanzu yana koyon walda a Panteka, kuma ya ce babu dalilin da zai sa ya sake zama jarrabawa, tunda maigidansa ba ya jin Turanci amma ya gina gida, yana ciyar da iyali, yara kuma suna cin abinci a ƙarƙashinsa. Na rasa hujjar da zan ba shi, domin a Kaduna mutum zai tashi daga Kawo ya je Sabon Tasha, ya yi ciniki da Bajju da Gbagyi da Ibo, ya dawo gida da Hausa kaɗai. Shin Turanci wajibi ne a yau, ko kuwa mu ne muka ɗora wa kanmu?

Malama Mai Ritaya, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam, Malam. Yaron yana da gaskiya game da kasuwa, amma bai duba inda takarda take mulki ba. A Najeriya duk wata ƙofa da ake shiga da takarda, da Turanci aka rubuta sharuɗɗanta. Jami'a tana neman kiredit a Turanci a sakamakon WAEC ko NECO, kuma a jarrabawar JAMB Turanci ne darasi ɗaya tilo da aka wajabta wa kowa, ko likita zai zama ko injiniya. Sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce da Turanci za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya, sannan da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace, kuma kowa yana ganin harshen da ake muhawara da shi a Abuja har yau.

Ku duba sana'ar tasa ma. Ranar da zai nemi kwangilar ƙofofi da tagogi daga wata ma'aikata, da Turanci zai cike takardun, da Turanci zai yi rajistar kamfani, da shi kuma zai karanta yarjejeniyar bashin banki. Idan bai iya ba, wani mai takarda zai karɓi aikin ya sauke masa a kan kuɗi kaɗan, shi ya sha zafin wuta, wancan ya kwashe riba. Shawarata ya sake zama jarrabawar yanzu da ƙuruciya take tare da shi, ba tare da ya bar Panteka ba.

Ɗan Kasuwar Gumi:

Malama, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja a kan kalmar "dole". Abin da kika lissafa dokar ƙasa ɗaya ce, ba dokar duniya ba. 'Yan kasuwarmu da suke sayo kaya daga Guangzhou suna ciniki da mutanen da mafi yawansu ba sa jin Turanci, da kalkuleta da manhajar fassara ta waya ake gama magana, kuma su ne suke ƙera injin waldar da yaron yake aiki da shi. Sin da Japan da Jamus da Turkiyya da harsunansu suke koyar da 'ya'yansu kimiyya. Maƙwabciyarmu Nijar da Faransanci ta yi shekaru tana tafiyar da mulki, a 2025 kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Mu kanmu ba haka muka taso ba. A nan Kaduna, a zauren Lugard, a da ana muhawara da Hausa tare da Turanci a tsohuwar Majalisar Jihar Arewa, kuma a 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, talaka yana karanta labarin Yaƙin Duniya na Biyu da harshensa. Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda muka mai da Turanci ma'aunin hankali, har za ka ga dattijo mai tarin ilimin fikihu da Larabci yana jin nauyin magana a taron makarantar ɗansa, saboda kawai shugaban makaranta ya buɗe taro da Turanci.

Ma'aikaciyar Jinya, Barnawa:

Ina ganin an haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya. Iya magana da Turanci mai santsi zaɓi ne, amma iya karanta shi a ƙasar nan kariya ce. Umarnin shan magani, gargaɗin da ke jikin maganin feshi, saƙon banki, takardar fili, dukkansu da Turanci suke zuwa. A wurin aiki muna yi wa majiyyata bayani da Hausa, amma da zarar sun koma gida, kwalin maganin ne a hannunsu, ba mu ba. Kotu ma takan samar wa wanda ake tuhuma tafinta kyauta, sai dai babu mai ba ka tafinta a lokacin da kake sa hannu a takardar da za ta kai ka kotun.

Malama Mai Ritaya, Unguwar Rimi:

Alhaji, ban ce Turanci ma'aunin hankali ba ne, kuma na yarda da kai cewa ƙasashen da ka ambata sun ci gaba da harsunansu. Amma sun fara rubuta littattafan likitanci da na injiniya da harsunan nasu ne tukuna, mu kuwa ba mu yi wannan aikin ba, saboda haka bai dace mu sallami yaro zuwa duniyar da ba mu gina masa ba. Su ma matuƙan jiragen samansu da Turanci suke magana da hasumiya idan sun fita ƙasa da ƙasa.

Inda nake tare da kai shi ne hanyar koyarwa. A gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, an koyar da yara dukan darussan firamare da Yarbanci, aka bar Turanci a matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A yawancin azuzuwanmu kuwa malami yana karanta wa yaro abin da bai fahimta ba, yaro yana haddacewa, ya fita bai ƙware a Hausa ba, bai kuma iya Turanci ba. Wataƙila abin da ya sami ɗan ƙanen Malam ke nan. Idan zai sake jarrabawa, a nema masa malamin da zai yi masa bayanin nahawun Turanci da Hausa, ya riƙa karanta jarida kullum da yamma bayan ya tashi daga aiki, kuma ya yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu, wadda ba ta bukatar ya koma aji.