Rigimar "wasa" a zauren matasan ikkilisiya

Ɗan Dirama: Salama gare ku 'yan'uwa. Raina a ɓace yake. Na ga jadawalin Kirsimeti, an ba mawaƙa minti 40, mu 'yan dirama minti 10, kuma bayan baiko, lokacin da kowa ke neman takalminsa. Ni da na fito a matsayin Bitrus ran Jumma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Almasihu, na san abin da na samu. Na haddace Luka 22 tun daga tsakar gidan babban firist har inda Ubangiji ya juyo ya dubi Bitrus. Da na yi musun sanin Ubangiji karo na uku, hawayen da kuka gani ba na shiri ba ne, domin na tuna lokutan da nake ɓoye bangaskiyata a wurin aiki. Wasan nan ya gina ni fiye da yadda kuke zato.

Baba Dattijo: Ɗana, da bakinka ka ce wasa. Gidan Ubangiji gidan addu'a ne. Mai son wasa ga filin ƙwallo can bayan makaranta.

Ɗan Dirama: Baba, wasan kwaikwayo nake nufi.

Baba Dattijo: To, kwaikwayon ma ai ba gaskiya ba ne. Romawa 10:17 ta ce bangaskiya ta wurin ji take zuwa. Ba a ce ta wurin kallo ba.

Malamar Lahadi: Baba, a gafarce ni, ba gardama nake yi ba. Amma Irmiya ya ɗaura karkiya a wuyansa, sura 27, har Hananiya ya zo ya karya ta a gaban jama'a. Ezekiyel ya zana Urushalima a kan tubali ya kewaye ta da yaƙi, ya kwanta a gefen hagu kwana 390. Agabus ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus. Su ma wasa suka yi?

Baba Dattijo: Su Allah ne ya umarce su. Waɗannan wa ya umarce su, shugaban matasa?

Mai Ganga: Maganar Baba dutse ce. Bara da wanda ya fito a Shaiɗan ya shigo da gawayi a fuska, yara har birgima suke yi don dariya. Har yau "Shaiɗan" suke kiransa a unguwa. Ku tambayi yaran darasin da aka koyar, ba wanda zai tuna.

Tsohon Shaiɗan: Yaya, ka cire ni a ciki. Gangarka da take hana mu jin addu'ar Rabaran ita ba wasa ba ce?

Mai Ganga: Zabura 150 ta ambaci kuge da ganga. Nuna mini inda ta ambaci gawayi.

'Yar Katolika: Ni baƙuwa ce a zauren nan, amma mu duk Jumma'a Mai Kyau matasa ke nuna Hanyar Gicciye, tasha 14, tsofaffi na biye suna kuka. A Jamus akwai ƙauyen Oberammergau, annoba ta kama su a 1633 suka yi wa'adi, tun 1634 suke nuna shan wuyar Almasihu, kusan duk bayan shekara 10. Na 2020 korona ta ɗage shi zuwa 2022.

Mai Ganga: Mu ba Roma muke bi ba, 'yar'uwa.

'Yar Katolika: Jamus na ce.

Uwar Zumunta: Tunda an taɓo dirama, ina zannuwan Zumuntar Mata guda biyu da aka ara aka yi wa sojojin Bilatus alkyabba? Ɗaya ya dawo da jan fenti, ɗayan ko ƙurarsa ban gani ba.

Tsohon Shaiɗan: Mama, fentin jini ne na bulala, yana fita da sabulu.

Uwar Zumunta: Zo ka wanke mu gani, ɗana. Kuɗin anko ne muka tara da guminmu.

Ɗan Dirama: Jama'a, maganar minti 10 fa na kawo.

Baba Dattijo: Ni dai a daina cewa wasa. A ce wa'azi cikin aiki, sai in zauna in kalla.

Malamar Lahadi: Ashe rigimar suna ce kawai, Baba?

Baba Dattijo: 'Yata, da na ga ɗan nan yana kuka ran Jumma'ar, ni ma sai da na cire tabarau. Amma wannan ba hujja ba ce.

Sakataren Matasa: Dare ya yi, bari in taƙaita don rahoto. Mafi yawa sun yarda cewa kalmar wasa ba ta dace da sujada ba, kuma dirama tana jawo dariya da asarar kaya. An kuma tabbatar da cewa waƙa tana da tushe a Zabura. Saboda haka jadawali yana nan yadda yake. Mawaƙa, kada mu manta da gwaji gobe ƙarfe 4.

Malamar Lahadi: Mafi yawan nan mutum biyu ne, kuma ɗayan ganga yake kaɗa muku.

Uwar Zumunta: A sa zanena a rahoton.