Kuɗin da ake liƙa wa bil ɗin intanet na gida: haƙƙi ne ko ƙwace?

Malama: Salamu alaikum 'yan uwa. Ra'ayina shi ne, duk kuɗin da kamfanin intanet ya ɗora a kan farashin da ya yi talla da shi ƙwace ne, ko da yana cikin takardar yarjejeniya. Sama da shekara biyu ke nan ina biyan hayar rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida, duk wata. Abin da na zuba ya isa in sayi sabuwa har biyu, kuma har yau ba tawa ba ce. Da na ce zan bar su, sai aka ce akwai tarar fita, wai na sabunta yarjejeniya ranar da suka kira ni suka yi mini tayin ƙarin gudu. Wallahi ban san sabuntawa nake yi ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malama, abin da aka yi miki a waya bai dace ba, wannan ba gardama. Amma kalmar ƙwace ta yi nauyi. Na yi aikin shimfiɗa wayar faiba, wato wayar zaren gilashi da ke kawo intanet gida, na san inda kuɗi ke tafiya. Ita wayar ba ta da wata tsada. Haƙa rami, saka bututu, izinin ratsa titi, gyaran kwaltar da aka fasa, kuɗin ma'aikata, nan ne dukiya ke narkewa, kuma kafin mutum ɗaya ya biya ko sisi. Ranar da aka jawo waya zuwa gidanki, kamfani ya kashe fiye da abin da ya karɓa a hannunki, yana fatan ya mayar a hankali. In kika fita bayan wata uku, wa zai ɗauki asarar? Asalin tarar fita ke nan.

Malama: Wata uku daban, shekara biyu daban, Injiniya. Ramin nawa za a haƙa a ƙofar gida ɗaya?

Alhaji: Ni ɗan kasuwa ne, ban san faiba ba amma na san ciniki. Ba wanda ya ce kada su ci riba. In kayanka ya yi maka tsada, ka faɗi kuɗinsa baki ɗaya, mai saye ya saya ko ya wuce. Amma ka kira ni da ƙaramin farashi, bayan na sa hannu ka fito da kuɗin haya, kuɗin haɗawa, kuɗin kula da layi, ai ka sa ni cinikin biri a sama. Kuɗin kula da layi kuma, in ba layin nake biya ba, me nake biya tun farko?

Auta: Ni abin da ya fi damuna iyakar data ce. Karatu nake yi daga gida, ƙannena ma haka. Kafin wata ya ƙare mun wuce iyaka, sai ko dai a rage gudu ya koma kamar tafiyar hawainiya, ko a caje mu ƙari. Yaya Injiniya, don Allah data ƙarewa take yi kamar ruwa a tanki?

Injiniya: A'a Auta, a nan kam ba zan kare su ba. Data ba ta ƙarewa. Ki ɗauki layin intanet kamar titi: faɗinsa ne ke da iyaka, ba yawan motocin da suka bi ta kansa a wata ba. Cunkoso yana faruwa ne da daddare, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna bidiyo, kuma don wannan lokacin ake gina faɗin layi. Wanda ya sauke babban fayil da ƙarfe uku na dare bai tare wa kowa hanya ba, amma iyakar wata tana ƙirga masa daidai da wanda ya sauke da ƙarfe tara. A 2020, da cutar korona ta zaunar da mutane a gida, manyan kamfanoni a Amurka sun ɗage iyakar data na wasu watanni, amfani ya ƙaru sosai, kuma layukan ba su durƙushe ba. A layin wayar hannu da na tauraron ɗan'adam akwai hujja, domin jama'a da yawa ke raba hanyar iska ɗaya mai iyakantaccen faɗi. A faiba kuwa, galibi hanya ce kawai ta cajin wasu fiye da wasu.

Lauya: Bari in sa baki, don wasu ƙasashe sun riga sun yanke hukunci a kan abubuwan nan. A Amurka an yi doka a 2019, ta fara aiki a Disambar 2020, wadda ta hana kamfani karɓar kuɗin haya a kan na'urar da mutum ya saya da kuɗinsa. Ku duba fa, sai da aka yi doka kafin a daina hakan. Daga Afrilun 2024 kuma hukumar sadarwarsu ta FCC ta tilasta wa manyan kamfanoni su nuna wani ɗan allo mai ɗauke da farashi, ƙarin kuɗaɗe, gudu da iyakar data kafin a saya. A Birtaniya kamfanoni sun saba ƙara kuɗi ana tsakiyar yarjejeniya, su ɗauki hauhawar farashi su ɗora kashi 3.9 cikin ɗari a kai. A 2023 ƙarin ya haura kashi 14 cikin ɗari ga mutane da yawa, kuma wanda ya ce zai fita sai ya biya tara. Hukumar sadarwarsu ta Ofcom ta hana wannan salon daga Janairun 2025: duk ƙarin da za a yi, sai an rubuta adadinsa tun ranar sa hannu. Wanda ya fi burge ni na Jamus ne. Tun 2016 mutum yana da 'yancin amfani da rautar da ya ga dama, kuma daga Disambar 2021, in ka auna da manhajar hukuma ka tabbatar gudun da kake samu ya gaza wanda aka yi maka alkawari sosai, kana da haƙƙin rage kuɗin da kake biya.

Injiniya: Barista, duk na yarda, amma kada mu yaudari kanmu. In ka hana kuɗin haya, za su narkar da shi cikin farashin wata. Ko dokar Birtaniyar, in aka ɗora adadi ɗaya a kan kowa, mai ƙaramin tsari shi ne ya fi jin jiki. An gudu ba a tsira ba. Abin da ke karya farashi shi ne abokin gasa. Faransa ta gani a 2002, da kamfanin Free ya shigo da farashi mai sauƙi, dole sauran suka sauko.

Malama: To su narkar mana! Na fi son babban farashi na gaskiya a kan ƙarami na ƙarya. In lamba ɗaya ce a gabana, zan iya ajiye ta kusa da ta wani kamfanin in zaɓa. Ita gasar da kake magana, ta yaya za ta yi aiki alhali ba wanda ya san ainihin abin da zai biya sai bil ya zo, kuma an ɗaure shi da tara?

Yaya Babba: Ku yi haƙuri, ku duka kuna magana kamar kowa yana da zaɓi. A unguwarmu kamfani ɗaya ne ya kawo waya, kuma ba na ganin na biyu zai zo ya sake haƙa rami don gidaje kaɗan, saboda dalilin da Injiniya ya faɗa da bakinsa. To wa zai yi gasar? Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yaɗa intanet ta sa buri a 2018 cewa ƙaramin tsari kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari na matsakaicin abin da mutum ke samu a wata. Inda kamfani ɗaya ne, ba a kai wa nan sai an tilasta masa ya ba wasu hayar bututunsa da wayarsa, ko gari ya gina nasa, kamar yadda birnin Chattanooga na Amurka ya yi ta hannun hukumar lantarkinsa a 2010.

Injiniya: Raba bututu ina goyon baya, Yaya. Amma in aka yanke kuɗin hayar bututun ya gaza abin da aka kashe, gobe ba mai haƙa sabon rami, kuma ƙauyuka ne za su fara rasawa. Shi ya sa har yanzu nake cewa tarar fita a shekarar farko halas ce.

Alhaji: A shekarar farko, kuma tana raguwa duk wata, kuma an faɗa mini adadinta da baki kafin in sa hannu. In haka ne mun daidaita. Ta Malama ba ta cika ko ɗaya ba.

Malama: Barista, to yanzu ni ya zan yi?

Lauya: Kada ki biya tarar tukuna, kuma kada ki daina biyan kuɗin wata. Ki rubuta musu a rubuce, ba ta waya ba, ki nemi shaidar amincewarki da sabuwar yarjejeniyar: rikodin kiran, ko takardar sharuɗɗan da suka aiko miki. Ki adana kwanan wata da lambar ƙorafi. In sun kasa kawowa ko suka yi shiru, ki kai wa hukumar da ke kula da sadarwa, ki haɗa da bil ɗin watannin da kika biya hayar rautar.