Neman shawara: kallon tashoshin talabijin na intanet a kwamfuta da naɗar shirye-shiryensu

Ɗan Unguwar Rogo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwamfuta a wannan zaure. Mahaifinmu ya manyanta, idanunsa ba sa jure ƙaramin allon waya, kuma akwai wani karatu da wata tasha take watsawa kai tsaye ta intanet a daidai lokacin da yake masallaci, tsakanin Magariba da Isha'i. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 10 a gida, wadda nake haɗawa da intanet ta ƙaramar na'urar MiFi. Abin da nake so shi ne manhajar da za ta nuna tashar a babban allo, ta kuma naɗi shirin domin Baba ya kalla da safe bayan ya karya kumallo. Ni ina shago a Taminus, nan Jos, ba na komawa gida sai dare, saboda haka idan da hali naɗin ya riƙa farawa da kansa. Wace manhaja ce ta dace, kuma data nawa zan tanada? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Bukuru ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da wannan ɗawainiya.

Ka fara da VLC. Kyauta ce, ba ta da talla, ba ta da nauyi a kan tsohuwar kwamfuta, kuma ƙungiyar VideoLAN ta ƙasar Faransa ce take kula da ita. Ka sauke ta daga shafin VideoLAN ɗin kansa, kada ka karɓa a filash daga hannun masu tura fina-finai, domin ƙwayoyin cutar kwamfuta sukan shiga ta nan. Bayan ka ɗora ta, ka danna Ctrl da N tare, wani akwati zai buɗe yana neman adireshi. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: ba adireshin shafin tashar ake sakawa ba, adireshin bidiyon da ke gudana ake so, wanda galibi yakan ƙare da .m3u8. Wannan tsari kamfanin Apple ne ya fito da shi a 2009, kuma yadda yake aiki shi ne tasha tana yayyanka shirin gutsi-gutsi na 'yan daƙiƙoƙi, manhajar kuma tana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa. Idan tashar ba ta bayyana adireshin ba, ka rubuta musu ka nema, ƙananan tashoshi ba kasafai suke hanawa ba.

Idan hoto ya fito, ka shiga View ka zaɓi Advanced Controls, za ka ga wani jan madanni ya bayyana a ƙasa. Dannawa ɗaya ta fara naɗi, ta biyu ta tsayar, kuma fayil ɗin yana sauka a jakar Videos da suna mai farawa da vlc-record. Idan hoton yana yawan maƙalewa, a cikin akwatin adireshin nan akwai Show more options, inda za ka ga an rubuta 1000 a gaban Caching, wato daƙiƙa ɗaya ke nan take tarawa kafin ta nuna. Ka mayar da shi 5000 ko 10000. Tashar za ta ɗan jinkirta buɗewa, amma ƙananan tsinkewar sabis ba za su riƙa bayyana ba.

Abin da na fi son ka riƙe shi ne maganar nau'in fayil, saboda yanayin wutarmu. Fayil ɗin MP4 na yau da kullum sai a ƙarshen naɗi yake rubuta jadawalin abin da ke cikinsa, saboda haka idan aka ɗauke wuta saura minti biyar a gama karatu, za ka tarar da fayil mai nauyi amma ya ƙi buɗewa. Nau'in TS da MKV ba su da wannan matsala: duk abin da aka naɗa kafin wutar ta tafi yana nan. Jan madannin VLC shi yake zaɓar nau'in da kansa, don haka ka duba ƙarshen sunan fayil ɗin gwajinka na farko.

Malama daga Rayfield ta amsa:

Malam, bari in taɓa maganar data, tunda Injiniya bai kai gare ta ba. Lissafin mai sauƙi ne: tashar da take turo megabit 1 a kowace daƙiƙa tana cin megabait 450 a awa ɗaya. Idan megabit 2 ce, megabait 900 ke nan, idan kuma megabit 5 ce, irin ta hoto mai kyau sosai, gigabait 2 da kwata ne a awa. Ka ga shirin awa ɗaya kullum a kan megabit 2 zai ci gigabait 27 a kwana 30. Tunda karatu ne, malami yana zaune yana magana, sauti ya fi hoto muhimmanci, ƙaramin hoto na 360p ko 480p ya wadatar. Yayin da tasha take gudana a VLC, ka danna Ctrl da J ka duba Statistics, za ka ga yawan abin da take ja da idonka.

Naɗin da kansa ba ya ƙara cin data, abin da ya riga ya shigo ne ake ajiyewa. Kuma idan za ka kwafe shirin a filash ka soka a bayan talabijin ɗin Baba, ka sani filash mai tsarin FAT32 ba ta karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4.

Mazaunin Kubwa ya amsa:

Ina tare da Injiniya a kan VLC, amma ba kowace tasha ce za ta buɗe a cikinta ba, kuma gara a faɗa maka tun yanzu. Da dama daga tashoshinmu, irin su Channels, Arise da TVC, ta YouTube suke watsa shirinsu na kai tsaye, kuma VLC tana yawan kasa buɗe adireshin YouTube duk lokacin da aka sauya wani abu a can. Ƙa'idojin YouTube ma sun hana sauke bidiyo ba da izini ba. Idan karatun a YouTube ake yin sa, ka fara duba ko tashar tana barin sa a shafinta, domin shirin kai tsaye da bai kai awa 12 ba YouTube yana iya ajiye shi bayan an gama. In haka ne ba ka buƙatar naɗi ko kaɗan, sai dai ka buɗe wa Baba da safe.

Wasu za su ce ka ɗora OBS Studio ka naɗi allon gaba ɗaya. Manhaja ce mai kyau, kyauta, kuma tana naɗa a MKV, amma tana sake sarrafa kowane hoto, wanda aiki ne mai nauyi ga tsohuwar kwamfuta, kuma duk saƙon da ya faɗo a allo zai shiga cikin naɗin. Tashoshin biya kuwa, irin na Netflix da DStv, a kulle suke da gangan, VLC ba za ta buɗe su ba, naɗin allo kuma sau da yawa baƙi ƙirin yake fitowa.

Ina kuma roƙon ka ka guji masu tallar dubban tashoshi a kan kuɗi kaɗan a WhatsApp da Telegram. Kayan sata ne, adireshinsu yakan mutu ba sanarwa, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet. Abin da ka naɗa wa Baba ya tsaya a gida, kada a ɗora shi a Facebook sai da yardar masu shi.

Ɗan Unguwar Rogo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Karatun ba a YouTube yake ba, a shafin tashar ne, kuma sun turo mini adireshin mai .m3u8. Ya buɗe a VLC, na gwada jan madannin, amma fayil ɗin MP4 ya fito. Saura maganar farawa da kansa, Injiniya, domin ba na son in ɗora wa Baba danne-danne.

Injiniyan Bukuru ya amsa:

To, a nan sai ka koma ga wata manhaja mai suna FFmpeg, wadda ba ta da madannai, umarni ake rubuta mata. Ka sauke ta, ka buɗe Notepad ka rubuta wannan layi, ka sa adireshinka a tsakanin alamomin zance:

ffmpeg -y -i "adireshin tasha" -c copy -t 01:10:00 karatu.ts

Kalmomin -c copy suna nufin a kwafe bidiyon yadda ya zo ba tare da sake sarrafa shi ba, shi ya sa ko tsohuwar kwamfuta ba za ta ji nauyi ba. Lambobin da ke bayan -t tsawon naɗin ne, awa ɗaya da minti goma, domin tashoshi sukan makara ko su zarce. Sunan karatu.ts zai sa fayil ɗin ya fito a nau'in TS, ba MP4 ba. Shi kuwa -y yana ba ta izinin rubutawa a kan fayil ɗin jiya. Idan babu shi, za ta tsaya tana tambayar ko ta goge tsohon, ba kowa a ɗakin da zai amsa, har karatun ya ƙare. Idan kana son ajiye na jiya, sai ka kwashe shi zuwa wata jaka kowane dare.

Ka adana rubutun da suna karatu.bat a jaka ɗaya da FFmpeg, sannan ka buɗe Task Scheduler na Windows, wanda yake tayar da aiki da kansa a lokacin da aka sa masa, ka ƙirƙiri aiki na kullum, ka nuna masa wannan fayil, kuma ka rubuta adireshin jakar a gurbin Start in, in ba haka ba ba zai gano inda FFmpeg take ba. Ka sa lokacin ya riga shirin da minti biyar. Idan tashar da lokacin salla take tafiya, ka riƙa gyara shi, tunda Magariba a Jos tana matsawa tsakanin sanyi da damina.

A cikin Conditions ka zaɓi Wake the computer to run this task, domin ta farka idan barci take yi, amma kwamfutar da aka kashe gaba ɗaya ba za ta tashi da wannan ba. Ka bar MiFi a jone da caji, kuma idan kana da ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan aka ɗauke wuta, ko inbata ka haɗa kwamfutar a kai, allon ba sai yana kunne ba. Kafin ka dogara da shi, ka sa lokacin gwaji na minti uku masu zuwa kana zaune a gabanta, ka ga wani baƙin akwati ya buɗe a allo lambobi suna gudu, sannan ka buɗe karatu.ts a VLC ka tabbatar akwai sauti.