Aikin sa kai na gyaran hanyar tsauni a Amurka, akwai wanda ya taɓa yi?

Ɗan Kufena:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina da tambaya, musamman ga waɗanda suka daɗe a Amurka. Ina karatu a jihar Bajiniya, to akwai wani abokin karatuna da ya matsa min in bi su ran Asabar aikin gyaran hanyar ƙafa a cikin tsaunuka, doguwar hanyar nan ta Apalachiya. Ya ce ba biya ake ba, kai za ka kai kanka, kai za ka riƙo abincinka, a yini ana sara ana haƙa. Ni dai raina ya kwanta da abin don zaman ɗaki ya ishe ni kuma dama ina son daji tun ina gida, amma abin da ya ɗaure min kai, ƙasa mai kuɗi irin wannan me ya hana gwamnati ta ɗauki leburori? Sannan wane irin aiki ne takamaimai, wanda bai taɓa yi ba zai iya? Kuma ba zai taɓa min biza ba tunda ta ɗalibi ce?

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je, wallahi ka je. Ina yi da wata ƙungiyar 'yan sa kai ta yankinmu mai suna PATC, ita ke kula da ɓangaren da ya ratsa gandun Shenandowa, wajen mil 101 na hanyar a cikin gandun nan suke.

Maganar gwamnati, ai tun asali hanyar ba gwamnati ta sare ta ba. Wani mutum Benton MacKaye ne ya kawo shawarar a 1921, masu sha'awar yawon daji suka kafa ƙungiyoyi, su suka yi mafi yawan aikin har aka haɗe ta a 1937, sai a 1968 aka yi dokar da ta sa ta ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya. Tsawonta kusan mil 2,200, wajen kilomita 3,500 ke nan, daga dutsen Springer a Jojiya har dutsen Katahdin a jihar Maine, ta ratsa jihohi 14, kuma jiharku Bajiniya ita ta fi kowa rabo, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Yanzu hukumomin gandun daji su ke riƙe da ƙasar da doka, amma aikin yau da kullum ƙungiyoyi wajen 30 suka raba a tsakaninsu, kowacce ta sake yanka nata gunduwa gunduwa ta ba mutane, sai ka ga dattijo ɗaya da mil biyu ko uku a hannunsa shekara da shekaru ya san kowane dutse da ke wurin.

Shi aikin kuwa, yawancinsa faɗa da ruwa ne. Mutane suna zaton sare ciyawa ne babba, a'a. In ruwan sama ya samu hanyar da ƙafa ta daddale ta ɗan lotsa sai ya bi ta ya gangara, damina biyu uku ta koma kwazazzabo. Shi ya sa ake gitta gungume ko jeren duwatsu a karkace a tsakiyar hanya don ya karkatar da ruwan ya zube gefen gangare. To bakin wannan magudanar kullum cikewa yake da ganye da laka, in ya toshe ruwan sai ya tsallake ya ci gaba da cin hanyar. Ranarka ta farko kusan shi za a ba ka, ka sa fartanya ka yashe bakin, ka kwashe lakar ka mayar bayan gungumen ka tattake da ƙafa, ganyen kuma ka watsar can ƙasa. Aikin minti goma ne kowacce amma suna da yawa, bayanka zai gaya maka da dare.

Sai sassabe, ana buɗe hanya yadda mai katuwar jaka a baya zai wuce reshe bai kama shi ba, kuma ba a barin tsinin reshe a tsaye don yana iya tsone wa wani ido. Sai fenti, farin zane ɗan inci 2 da inci 6 a jikin itace ko dutse shi ne alamar hanyar, shuɗi kuma na ƙananan hanyoyin da suka ratse ne, in ka ga fari biyu ɗaya bisa ɗaya to akwai kwana ko mararraba a gaba.

Biza kuma, aikin sa kai na ƙungiyar da ba ta neman riba wanda kowa kyauta yake yi daban yake da aikin albashi, amma ka leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku ka faɗa musu tukunna, hankalinka ya fi kwanciya.

Abu Sumayya:
Ni fa gaskiya ban ga dalili ba. Ka baro gida inda titin unguwarku ma ya fashe, ka zo ka ɓata Asabar ɗinka kana gyara wa masu kuɗi wurin shan iska kyauta? Da wannan lokacin ka yi karatunka ko ka nemi abin da za ka turo wa iyaye ai ya fi. Ba wai ina hana ka ba ne ɗan uwa, ra'ayina ne kawai.

Maman Sadik:
Abu Sumayya ka yi haƙuri ban yarda da kai ba a nan. Manzon Allah SAW ya ce kawar da abu mai cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma bai ce sai hanyar garinku ba. Yaron nan yana zaune cikin mutanen nan, yana shan ruwansu yana taka ƙasarsu, yini ɗaya a wata ba zai hana shi karatu ba, ƙila ma ya wartsake masa ƙwaƙwalwa.

Kuma mu wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, gayya ce. A ƙauyenmu lokacin muna yara in damina ta ƙare mai unguwa zai sa a yi shela, maza su fito da fartanya da adda da gatari a gyara hanyar rafi da ta kasuwa da ta maƙabarta, mu kuma muna bin iyayenmu mata da ƙwaryar fura da tulun ruwa a ka, babu wanda ya taɓa tambayar nawa za a ba shi. Abin da ke min ciwo shi ne mun sake ta, yanzu kwata ta toshe a ƙofar gidan mutum yana tsallakewa yana jiran kansila. In Ɗan Kufena ya je ya ga yadda suke raba hanya kowa da rabonsa, da yadda ake rubuta wanda ya zo da abin da aka yi da abin da ya rage, ya dawo ya tara samarin Zariya su yi wa hanyar hawa Kufena haka, wa ya ci riba? Ka je ɗana, Allah ya yi albarka.

Ɗan Madagali:
Hajiya kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Duk mai ganin gyaran hanyar dutse al'adar Turawa ce ya zo Sukur a Adamawa, kan tsaunukan Mandara. Hanyar da ake hawa zuwa fadar Hidi, wato sarkin Sukur, shimfiɗe take da duwatsu, kakanni suka jera su da hannu, kuma har yau ita ake bi, mata da kaya a ka. A 1999 UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Najeriya. Ranar da na hau abin da na fi lura da shi yadda aka zaunar da kowane dutse, faffaɗan gefen a sama, an cusa ƙanana a ƙarƙashi sun tokare shi, ka taka ba ya ko motsi. Dutse ɗaya in ya kwance aka ƙyale shi na kusa da shi ma sai ya biyo baya.

Ɗan Kufena:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Baban Ilham me zan riƙe, kuma akwai haɗari? Sallah fa, ana samun dama?

Baban Ilham:
Kayan aiki su za su ba ka, har da hular kwano in aikin na bukata. Kai ka zo da takalmi mai ƙarfi mai rufe idon sawu, dogon wando, safar hannu, ruwa da yawa fiye da yadda kake zato, da abincin rana. Abu biyu ka kiyaye. Na ɗaya kaska, ƙanana ne sosai kuma suna sa ciwon Lyme, ka cusa ƙafar wando cikin safa, in ka koma gida ka duba jikinka kaf har bayan gwiwa da hammata. Na biyu wani tsiro mai ganye uku uku da ke sa ƙuraje da ƙaiƙayi mai tsanani, ka ce a nuna maka shi tun kafin a fara, kar ka taɓa shi ko da safar hannu sannan ka shafi fuska.

Itacen da ya faɗo ya tare hanya kar ka ce za ka yanka da kanka. Gungumen da ya danne reshe yana riƙe da ƙarfi, kana yankewa zai iya zabura ya doke ka, shi ya sa zarto sai wanda aka horar aka ba shi takarda. A wasu sassan da doka ta keɓe ma ba a shiga da zarton inji sam, sai dogon zarton nan na mutum biyu. Bayan guguwar Helene ta ƙarshen Satumbar 2024 itatuwa sun zube ba adadi a ɓangaren Karolina ta Arewa da Tenesi da kudancin Bajiniya, masu zarto su yanka, irinmu mu ja rassa mu mirgine gungume, haka aka yi ta buɗewa kaɗan kaɗan, don haka sabon hannu ma yana da wurinsa.

Sallah ba matsala, ka faɗa wa shugaban tawagar tun da safe, lokacin hutun cin abinci yakan zo kusa da azahar. Ka riƙe 'yar gorar alwala daban da ta sha, ka ɗan matsa nesa da bakin rafi in za ka yi, kuma ka saita alƙibla a wayarka tun a wurin ajiye mota don can ciki sabis yakan ɗauke.